Safiyatu da Sunayen 'Ya'yan Fari

Safiyatu ɗiyar Attahiru ce, manomin gero a Gangara. Tun tana ƙarama ba a aikenta ta dawo hannu sake. In an ce mai daddawa ba ta nan, sai ta zauna bakin ƙofa har matar ta dawo. Uwarta ta ce taurin kai ne, ubanta ya ce a sa ta boko ko ta samu inda za ta juye shi. Ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ta komo Sabon Birni ta kama aiki da wata ƙungiya mai yi wa yara allurar rigakafi, daga nan har ƙauyukan Isa.

Aikinta tsaron rumbun bayanai. Rumbu ne sosai, sai dai ba gero a ciki: kowane yaro da garinsu, da allurar da aka yi masa, da wadda ta rage. In mutanen Gatawa suka gudo saboda ɓarayin daji, katin yaro ya salwanta a hanya, ita ake tambaya. Ta danna ta ce, "Wanga saura ta ƙyanda." Ra'ayinta kuwa ko ba ka tambaya ba za ka ji shi. Wanda bai ajiye kwafi ba, a wurinta bai soma aiki ba. Wanda ya ajiye bai taɓa buɗewa ya gwada ba, wauta ya ajiye.

Rigimarta da Zayyanu kan goge bayanai ta taso. Shi ne ya ƙera manhajar da ma'aikata ke cika bayanai, yana zaune Sakkwato ƙarƙashin fanka. Ya leƙa rumbun ya ga yara bila adadin an rubuta musu "Yaro", "Yarinya", "Wane" a madadin suna. Ya ce shirme ne, ya aiko da umarnin da zai share su gaba ɗaya.

Ita ta san inda shirmen ya fito. Mace a nan ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ma'aikaciya ta tambaya, uwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Layi ya yi tsawo, rana ta take, manhajar Zayyanu kuma ba ta matsawa sai an cika gurbin suna. To, me za a rubuta?

Ta kira shi a waya.

"Malam Zayyanu, ba ni sakin abin ga cikin rumbuna."

"Malama Safiya, datti ne fa. Manya na son rahoto mai tsabta."

"Dattin ga hanci gare shi, in an soka mai allura kuka shikai. Ka goge, gobe a kawo yaro ba kati, ko a maimaita mai, ko a tsallake. Wa za ka gwada wa tsabtar?"

"In kin ƙi, daga nan sai in yi da kaina."

"Yi mu gani. Makullin rumbu na hannuna, kwafi na ba ka ka yi wasa da shi."

Ya ce zai kai ƙararta. Ta ce Allah ya kai shi lafiya, ta kuma ce, "Tsaya. Kai na nawa ne wurin Hajiyarku?"

"Na fari."

"Da wane suna take kiranka?"

Ya ce, "Ba ta kira na. Ƙanena take turowa."

"To da ta zo layinmu da kai a goye, kai ma Wane ne, kuma yau za ka goge kanka."

Dariya ta ƙwace masa, amma bai sallama duka ba, shi ma da gaskiyarsa: rumbun da ke cike da Wane ba ya nemuwa. Suka yanke cewa zai ba kowane yaro lambarsa, ya ƙara gurbin sunan uwa, ya bar na yaro ya jira in ɗan fari ne. Sunayen baya kuwa ita za ta nemo su, in ta kasa a share.

Ta hau bayan babur tare da masu allura, hanyar da maza ke karanta addu'a kafin su bi. Ba ta wahalar da iyaye mata, kakanni ta nufa. A Turba wata Ummi ta sunkuyar da kai yadda aka saba, sai tsohuwar gidan ta leƙo daga madafa.

"Wa kike nema? Mijin nan nawa malalaci? Fatihu sunansa. Rubuta da kyau, ko cefane bai taɓa yi mini ba."

Safiyatu ta rubuta, Fatihu na tsotsar yatsa.

Haka ta bi gida gida har akasari suka samu suna. Waɗanda suka rage iyayensu sun tsallaka Nijar, gidajen a rufe. Zayyanu ya kira ya tuna mata alkawari. Ta ce ita alkawarin kasawa ta yi, kuma ba ta kasa ba tukuna, mutanen ne ba su dawo ba. Ta ware su gefe guda da lambobinsu, kowa da allurar da ta rage masa. Duk ranar kasuwa tana tsare masu fataucin Maraɗi da tambaya, kuma ba ta sakin mutum sai ya faɗi inda ya ga mutanen da suka tsallaka.