Maginin da Ya Ƙi Toshe Hanya

Kullum da safe, kafin ya taɓa igiyar awo, Baba Magini sai ya zagaya filin da aka kira shi ya gina, kansa a sunkuye. Sawun mutane yake nema. Inda ƙafa ta kashe ciyawa, nan hanya ce, kuma bulonsa ba ya hawa kanta.

Garinmu ya yi ta faɗaɗa, gonakin jiya sun zama unguwanni, kowa ya ja katanga ta haɗe da ta maƙwabcinsa. Kana jin tarin mutum ta bayan gidanka, amma kafin ka je duba shi sai ka hau babur. Abin nan yana ƙona mini rai.

Wani mai gida ya taɓa ce masa, "Baba, filina ne fa."

"Naka ne, ranka ya daɗe. Amma matan bayan nan ta nan suke bi zuwa asibiti. Nemi wani maginin."

Aka nemo wani, aka toshe. Haka ya yi ta rasa aiki, ana masa ba'a da Bar-Hanya, ko a jikinsa.

Ranar da aka rufe lungu na ƙarshe, unguwarmu ta zama kamar aljihu, bakinta ɗaya, shi ma can nesa. Sai Baba ya ɗauki guduma ya rushe ɗakin gefe na gidansa, ya ja katangarsa ciki, ya bar wa jama'a hanya. Matarsa har yau tana mita: "Maginin gari guda, amma gadona da ƙyar ya samu wuri."

"To ai ya samu," in ji shi.

Dillalai sun yi ta sintiri a ba su wurin su yi shago. Sun gaji sun bari.

Kai ne ka ce a'a, Baba, lokacin da a'a ke hana ɗora tukunya. Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da kai a bakin lungun, masu wucewa ba su san ɗakin wa suke takawa ba. Ni na sani. Ta nan aka fita da ƙanwata tana naƙuda, ungozoma ta ce da an zagaya da ba a kai ba. Yau 'yar ƙanwar tawa ta nan take bi zuwa makaranta.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu gini, kafin ku ja igiya, ku sunkuya ku duba ƙasa. Wani ya riga ku bi ta nan, kuma gobe ma zai bi.