Makullin da Taubashina Ya Ɗauke

Ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kankia lokacin da na shiga aikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Aikin sa-kai ne, mutanen ƙasashe da yawa ke yin sa ta intanet, kuma wanda aka karɓi gyaransa yakan samu aiki na gaske. Abin da nake nema ke nan, don alli ya ishe ni.

Kanel yana da tebur da ke nuna wane shiri ne ke da wane shafi a ƙwaƙwalwar na'ura. Wanda ya samu damar rubutu a teburin nan ya mallaki na'urar gaba ɗaya. Na rubuta masa makulli, ya zama sai karantawa, ba ya buɗewa sai kanel zai gyara shi. A tsohuwar kwamfutata ya yi aiki sumul. Manyan aikin suka yaba, amma suka ce ba za su karɓa ba sai ya yi aiki a kowane irin furosesa, wato ɗan injin da ke yi wa na'ura lissafi. Dabarata ta jingina ne da wani maɓalli da furosesan kwamfutata ke da shi, irin na waya kuwa ba shi da shi.

Na'urar gwaji mai irin wancan furosesan na waya, taubashina kaɗai ke da ita, ɗan kawuna da ke aiki a sakatariyar Kusada. Shi ma yana taɓa rubuta manhaja, amma tun muna yara bai taɓa fara abu da kansa ba, gwanin ƙarasa na wani ne. Ni ɗan mace ne, don haka bawansa nake a wasa, kuma ya riƙe wasan nan tamkar gadon ubansa. Na hau achaba na kai masa aikin duka, na kwance masa shi dalla-dalla, har hanyar da nake ganin za a bi a furosesan waya. Ya ce in bar masa ya gwada.

Damina ta kama, ina tsakanin aji da noman gero a gonar mahaifiyata a Fakuwa, shi kuma kullum sai ya ce na'urar na gardama. Ran da na samu sabis mai kyau na duba, sai ga makullina an karɓa, yana aiki a furosesa iri biyu, da sunansa shi kaɗai. A ƙasa ya rubuta godiya ga wani manomi da ya ara masa kwamfuta. Na ji kamar in haɗiyi zuciya in mutu.

Na same shi a gidan kawu ana cin tuwo. Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Bawa da abin hannunshi ai duk na ubangijinshi ne." Kowa ya dara. Mahaifiyata ta ce wanda ya yi fushi da taubashi ya ci zumunci, kuma in na kai ƙara wurin baƙin can manyan aikin ba ta yafe ba. Na bar maganar, ba don na haƙura ba.

Ya samu aikin, ya bar sakatariya. Ba a daɗe ba aka buƙaci makullin ya hau furosesa na uku, ya rasa ta inda zai kama, don bai san dalilin ko layi ɗaya ba. Bai kira ni ba, goggonsa ya kira, wato mahaifiyata.

Ta same ni a gona ina yankan gero. Ta ce, "Tashi ka tai Kusada, ɗan'uwanka na nemanka. Aikinshi ya lalace, an ce kai ka ɗan iya abin."

Na ajiye lauje na tafi.