Tsagar da ke ƙarƙashin tsagata

Assalamu alaikum. Na san na daɗe shiru. Wasunku sun turo saƙo ban amsa ba, wasu har sun tare mijina, Abban Hanifa, suna tambayar ko lafiya. Ku yafe mini. Ba lafiya ba ce a lokacin, amma yanzu alhamdulillahi.

Abin ya fara ne da kumburin ƙafa da ciwon kwiɓi. Na ɗauka tsayuwa ce, don ni malamar firamare ce, a tsaye nake wuni. Sai ranar da na ga jini a fitsarina.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ta nuna mini ƙodojina biyu cike da ƙulli-ƙulli masu ruwa. Ta ce, "Malama Rabi, wannan ciwon gado ne. Wa ke da shi a gidanku?"

Na ce babu kowa. Babanmu, Baffa, tsufa ya yi ajalinsa, Inna kuwa tana nan Ƙofar Ran garau. Likita ta ce in kawo Inna da ƙanena Bala a duba su.

Kafin nan aka fara mini wankin ƙoda. Sau biyu a mako, awa huɗu a kwance, kina kallon jininki yana fita ta roba yana dawowa. Sanyi har ƙashi. Filin Abban Hanifa na Yelwa a kuɗin wankin nan ya tafi.

Aka duba Inna da Bala, ba komai. Muka koma gida. Sai da muka idar da la'asar Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, ba ni na haife ki ba. Shekara tara ban samu haihuwa ba, muka karɓo ki daga gidan marayu kina wata biyu. Bala daga baya Allah ya kawo shi."

Wallahi ban yi kuka ba. Haushi ne ya tokare ni. Shekara talatin da huɗu, sai ƙoda ce za ta gaya mini?

Na je ofishin da ke riƙe da takardun riƙon marayu, ƙafa a kumbure. Ma'aikacin ya ɗauko fayil ɗina, ɗaure da zare, ya ɗora hannu a kai. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kotu ce ta rufe shi. Sai da umarnin alƙali." Na ce, "Malam, mutuwa fa nake yi. Suna kawai nake so." Ya sunkuyar da kai. Sau uku ina zuwa. Na shigar da buƙata kotu, har yau tana can.

Da Inna ta ga na rame, sai ta faɗi sauran. Ta ce da tsaga na zo a kumatu. Baffa ya ji tsoron bakin unguwa, ya kira wanzamin gidanmu ya ɗora mini tsagar gidansu a kai, don in yi kama da su.

Kun san ranar suna ake tsaga. Ke nan akwai wadda ta riƙe ni aƙalla kwana bakwai, ta shayar da ni, aka raɗa mini wani sunan da ban sani ba. Wannan ya fi allurar wanki ciwo.

Bala ya kai ni wurin wanzamin. Ya tsufa tukuf, ba ya gani sosai. Ya shafa kumatuna da yatsu, ya daɗe, sannan ya ce, "Na tuna aikin nan. Akwai gajeru a ƙasa, ba na garin nan ba ne. Na bi ta kansu da aska. 'Yata, da hannuna na ɓata su, yanzu babu mai iya karanta su. Ki yafe mini."

Na yafe masa. Na yafe wa Baffa ma, amma shi sai da na ɗauki lokaci.

Daga ranar, duk dattijuwar da aka kwantar a gadon kusa da nawa, kumatunta nake fara kallo. Wata ta taɓa cewa, "'Yan nan, kin san ni ne?" Na ce a'a, Mama, Allah ya ba ki lafiya. Mako biyu bayan nan wani aka kwantar a gadonta.

Da maganar dashen ƙoda ta taso, Bala ya ce, "Yaya, ni ban san wani fayil ba. A gwada ni." Jininmu ya zo daidai. Likita ta ce da a ce ciki ɗaya muka fito, da wataƙila shi ma yana da ciwon, ba zai iya ba ni ba.

A Kano aka yi aikin. Na farka na ga Inna tana kuka a kan jakar fitsari da ta cika, tana ta hamdala. Yanzu ina shan magani kullum, na koma aji. Bala ya warke har yana tsokanata wai in riƙe masa kayansa da kyau.

Na gode wa Allah, na gode wa Bala, da Inna, da Abban Hanifa, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a.

Kumburin ƙafa da hawan jini ba abin wasa ba ne, ku je asibiti. Ku masu riƙon marayu, ku gaya musu gaskiya da wuri, kada ku taɓa wata alama da suka zo da ita. 'Yata Hanifa ma za a riƙa duba ta.

Ke kuma da kika haife ni, in kina raye, in wani ya karanta miki wannan: ba sai kin neme ni ba, ba na tuhumarki. Amma ciwon nan daga wajenki ya fito ko daga wajen mahaifina. Don Allah ki kai sauran 'ya'yanki a duba musu ƙoda, tun ƙafarsu ba ta kumbura ba.