Zoben Injin Goggo

Wataƙila na cakuɗa wasu abubuwa, don an kwana biyu, amma ina jin da damina ne, shekarar da na gama karatun injiniya.

Goggona tana da injin markaɗe a Tudun Wada. Ran nan zoben ƙarfen da ke riƙe da bel ya kwance daga sandarsa, ga bokitan waken masu ƙosai jere a zaure, jiƙaƙƙu, suna jira. Kawu, ƙanin Goggo, direba ne. Ya kawo sabon zobe da ya yi wa sandar kaɗan, ya ce a goge cikinsa a shafa gam ɗin ƙarfe, ai da shi ya liƙe rabin motarsa. Na ce akwai wata hanya: a gasa zoben ya buɗe, a zura shi, in ya huce ya tsuke ya kama. Goggo ta tambayi wanne ya fi ƙarfi. Na ce ya danganta.

"Da me, Injiniya?"

Na fara lissafo mata. Ta ce wake ba ya jiran ya danganta, ga gawayi nan.

Zoben ya yi zafi, na ɗauko shi da awartaki, ya fara shiga sumul. Aikin nan sauri yake so, na sani. Amma a tsakiyar sanda sai na tsaya tunanin ko gabansa ne na sa a baya.

"Tura mana," in ji Kawu.

"Kawu, bari dai in tabbatar."

Kafin in tabbatar ya huce. Nan ya zauna, nesa da bel, ba gaba ba baya.

Kawu bai yi fushi ba, murna ma ya yi. Ya liƙa wani guntun rodi a jikin zoben da gam ɗinsa don mu samu abin ja. Muka jira ya bushe, wake yana kumfa. Da muka ja, rodin ya ɓalle, Kawu ya zauna cikin bokiti. Zoben ko gezau.

Waken ya yi tsami. Masu ƙosai suka koma wani injin a Manawashi, wasunsu har yau.

Ba zan ce wuta ta fi gam ba, gwaji ɗaya ba hujja ba ne, kuma Kawu ya ce gam ɗin bai gama bushewa ba. Waɗanda suke zauren ranar, in kun ga na karkace a wani wuri, don Allah ku aiko a gyara.