Hannuna da Odar Mota

A da, idan zan yi doguwar tafiya, nisan hanya da gidajen mai kawai nake dubawa a taswira. Da haka na ratsa Agadas da tsaunukan Habasha. Yanzu kuwa nakan fara tambayar halin mutanen da ke bin hanyar.

Wani maƙwabcina a unguwarmu ta International City ne ya sauya ni, kafin zuwan korona. Ɗan ƙabilar Mizo ne, daga can ƙuryar gabashin Indiya, yana aikin girki a wani otal. Wata rana muna jiran bas ya nuna mini bidiyon garinsu a waya. Gidaje ne bisa dogayen ƙafafu, sun maƙale a jikin dutse kamar sheƙar tsuntsaye, girgije yana yawo a ƙarƙashinsu. Ga titi siriri, motoci sun yi layi a hannu ɗaya, ɗaya hannun fayau, ba wanda ya shiga. Na ce ya ƙara sauti. Ya ce ai a ƙure yake. Babu oda ko ɗaya. Na zauna a Alƙahira, na yi tuƙi a Legas, ban taɓa zaton cunkoso zai iya yin shiru ba.

Nan take na ƙudurta sai na tuƙa mota da hannuna a ƙasar tasu. 'Yata, wadda nake zaune a wurinta, ta ce atafau ba da shekaruna ba. Muka yi sulhu: za mu je Hatta, wani gari mai duwatsu da ke kusa da mu, in tuƙa, maƙwabcin ya yi alƙalanci. Idan ya ce ban iya ba, khalas, magana ta ƙare.

Ranar Juma'a bayan sallah muka kama hanya. Na sha kwanoni lafiya, har ina satar kallon 'yata ta madubi. Sai ga wata tsohuwar akori-kura ɗauke da ciyawa tana jan ciki a hawa. Na danna mata oda, na sake dannawa.

"Baba, wa ya mutu?" in ji maƙwabcin.

"Yalla, yi sauri, kawai nake ce masa."

"Ka ɗauka bai san yana tafiya a hankali ba?"

'Yata ta ƙyalƙyale da dariya. Da muka tsaya bakin dam ɗin Hatta maƙwabcin ya yi mini bayani. A wajensu akan taɓa oda sau ɗaya a kwanar da ba a ganin gaba, don na can ya san kana zuwa. Amma ba a korar mutum da ita. Idan ƙasa ta zaftare ta toshe hanya, mai yiwuwa a gidan wanda ke gabanka za ka kwana, matasan ƙauyensa su yi ta haƙa har ka wuce, ba wanda ya aike su. Da wane ido za ka ci shinkafarsa?

Na dubi duwatsun Hatta, tsirara, ko ciyawa babu, ina tuna waɗancan koraye na garinsu da mutanen da suka koyi haƙuri a kansu.

"To, malam alƙali, hukunci?" in ji 'yata.

"Hannunsa lafiya lau. Zuciyarsa ce ke gudu. Ƙanena da ke can gida zai tuƙa shi, shi ya zauna ya yi kallo."

Ban yi musu ba. Na miƙa wa 'yata makulli, na koma kujerar gefe. Muka sake shirin tafiyar Indiya da sunan ƙanen a matsayin direba. Tun daga ranar ban ƙara danna wa kowa oda don ya yi sauri ba.