Salatin da ya kai Inna bakin gulbi

Shekarun baya, tun tumbina bai gama fitowa ba, aka zo unguwarmu ta Gamkalle da maganar za a yi hanyar ƙafa a bakin gulbi. Ba ta mota ba, ba ta moto mai ƙafa biyu ba, ta ƙafa zalla: a shimfiɗa pabe, wato tubalan daɓe, a dasa itatuwa, a sa kujerun siminti, mutum ya fito ya miƙe ƙafa yana kallon ruwa. Kuma wai ba za a zana komai ba sai an ji ta bakin mutanen unguwa. Jama'a, ranar da labarin nan ya zo kunnena ko abincin rana ban tsaya ci ba. Da ma ni mutum ne mai rawar kai, abu kaɗan ke tayar da ni, balle wannan.

Amma ba don kaina nake wannan zumuɗin ba, mahaifiyata ce dalili. Lokacin ciwon suga ya sa ta gaba, ga tansiyo, wato hawan jini, ƙafafunta sun fara kumburi. Lokotoro ya faɗa mata ƙarara a gabana cewa magani kaɗai ba zai riƙe ta ba, in ba ta tashi tana tafiya kullum ba abin zai kai ta ga kwanciya, kuma ƙafar ce ta fi ba shi tsoro. Inna ta ce masa to. Muka hau taksi muka dawo gida, ta zauna kan tabarmarta, maganar ta mutu a nan.

Kada ku zaci ƙiwa ce da ita. In suna ne ko gaisuwar mutuwa, ko a Kirkisoy ne can ƙetaren gulbi, za ta ja ƙafar nan ta je. Abin da ba za ta yi ba shi ne fita babu dalili. Mutuniyar Maraɗi ce irin ta da, a wurinta mace mai mutunci tana fita ne da ziyara ko da cefane. Tafiya don tafiya kawai, wannan yawo ne sunansa. Ga shi kuma ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta ma cika kallona in tana magana. In tana son gaya mini abu, ƙanwata take gaya wa, ina zaune a wurin. Da na dame ta da maganar lokotoro sai ta ce, "Ki tambayi wancan, so yake in fita titi ina wurga hannu, maƙwabta su ce tsohuwa ta zautu?"

Shi ya sa na ga hanyar bakin gulbi ta zo mini daidai. Na ce shi ke nan, wuri mai tsabta, ga inuwa, ga iska, Inna ba ta da sauran hujja.

Taron farko a harabar lakwal ɗin unguwa aka yi, inda yaranmu ke karatu, ƙarƙashin dogon yaro. Wadda ke jagorantar aikin wata injiniya ce ƴar Damagaram, mai fara'a, ta zo da ƙatuwar taswira aka kafe a jikin bango. Kai, ranar an sha magana! Wani ya fara da Faransanci ya ƙare da Zabarmanci, wani ya amsa masa da Hausa, kowa kuma ya gane. Samarin fadarmu, inda muke shan shayi, suka ce su dai a miƙe hanyar sosai su samu wurin gudu. Masunta suka ce a bar musu mashigar jirage. Masu wanki suka ce a yi musu matakala. Ni kuwa na ɗaga hannu har sai da mai unguwa ya ce, "Ɗana, don Allah ka bar wa wasu kaɗan." Tsofaffin mata ne kawai ba a gani ba, ko ɗaya ba ta zo ba.

Sai shugaban masu lambu ya miƙe, wani dattijo Bazabarme, dogo, mai faɗa a ji. Ya ce hanyar nan ta gefen lambunansu za ta bi, kuma ya san halin masu wucewa: wannan ya tsinki tumatir, wancan ya zari karoti, awaki su biyo baya su gama da sauran. Shi sharaɗinsa ɗaya ne, a gina katanga doguwa tsakanin hanya da lambuna, daga farko har ƙarshe, babu ƙofa ko guda. Aka tafa masa. Ni na fi kowa tafi, don so nake a gama gardama a fara aiki.

Na dawo gida ina ta zuba, ina kwatanta wa ƙanwata itatuwan da kujerun da ƙarfi yadda Inna za ta ji. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ki tambaye shi, hanyar ina ta nufa?"

Na ce, "Ba ta nufi ko'ina ba, Inna. Mutum ya je ƙarshe ya juyo."

"Akwai gidan wani a ƙarshen?"

"Babu."

"Kasuwa fa?"

"Babu."

Ta ce, "To, Allah ya ba masu yawo sa'a." Ta ci gaba da jan carbinta.

Na dubi ƙafafun nan a miƙe kan tabarma sun yi suntum, na ji kamar in yi kuka. Duk ihun da na yi a taro, ashe hanyar da nake wa murna ba za ta taɓa ganin sawun wadda nake yi dominta ba.

Ana nan sai injiniyar ta zo da wata dabara. Ta ce taswira ba kowa ke gane ta ba, don haka za a zuba farar ƙasa a ƙasa daidai inda hanya za ta bi, a ja igiya inda katanga za ta tsaya, kowa ya zo da safe a taka tare, in wani abu bai yi ba a faɗa a wurin. Na roƙi Inna ta zo, ko ta kaina ba ta bi ba. Ƙanwata ce ta harare ni ta ce in rufe bakina. Da safiyar ranar ta ɗauko kwando ta ajiye gaban Inna ta ce, "Inna, dambu nake so in yi, kuma zogalen kasuwa duk ya yi yaushi. An ce na lambun dattijon nan ya yi kyau, amma ni ban iya zaɓe ba, kullum sai kin ce na kwaso tsoho." Inna ta yi tsaki, ta ce ƴaƴan yanzu ba su san komai ba, ta yafa mayafi ta ɗauki kwandon. Ni dai ina tsaye baki buɗe.

Mun iske bakin gulbi cike da mutane, ga farin layi ya miƙe a ƙasa, ga igiya ɗaure a turaku. Dattijon yana gaba yana nuna wa injiniyar tsawon da yake so katangar ta kai, hannunsa can sama da kansa. Inna ba ta kalli kowa ba. Ta bi farin layin a hankali, don shi ne hanya mafi sauƙi zuwa lambun, har ta zo saitin zogalen. Sai ta kama igiyar za ta ɗaga.

Na yi sauri na ce, "Inna, nan katanga ce."

Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce masa ni igiya nake gani." Ta ɗaga ta shige.

Akwai wasu dattawan mata da suka tsaya can nesa suna leƙe, kunya ta hana su shiga taron. Suna ganin Inna cikin lambu da kwando sai suka taho ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuya ta wuce ƙarƙashin igiyar. Dattijo yana tsakiyar bayani sai ya ji ana ƙwala masa kira daga cikin lambunsa, "Mai lambu! Zo ka yanko mana salati!" Ya dubi injiniyar, ya dubi matan, hannunsa har lokacin yana sama. Can sai ya tattare rigarsa ya tsallake igiyar da kansa, yana gaishe su da Zabarmanci, "Fofo, Hajiya, fofo, ga ni nan!" Wurin ya ɓarke da dariya. Mutumin da kullum sai ya yi lodin amalanke ya tura kasuwa tun da sassafe, yau ga masu saye sun biyo shi har gindin shuka.

Da Inna ta fito da kwandonta cike, injiniyar ta risina ta gaishe ta, ta ce, "Hajiya, in an gama hanyar nan za ki riƙa zuwa?"

Inna ta ce, "In da ƙofa, ɗiyata, zan zo sayen ganye. In katanga ce, me zan zo yi? In gaishe ta?"

Injiniyar ta yi dariya har tana share ido. Ta ce tata mahaifiyar haka take a Damagaram, in tana son shan iska sai ta tafi sayen gishiri a butik mafi nisa. Sannan ta juya ga dattijon ta ce, "Baba, ka ji fa." Ya sosa gemu ya ce, "Ni ɓarawo nake tsoro, ban ce ina tsoron mai saye ba." Nan take, a tsaye cikin rana, aka sake shawara: gajeriyar katanga da waya a sama saboda awaki, kowane lambu da ƙofarsa, mabuɗi a hannun mai shi, da ƴar rumfa a bakin ƙofa. Wani abokina na fada ya yi ƙorafi wai mata da kwanduna za su tare musu hanyar gudu. Inna ta ce wa ƙanwata, "Ki ce masa su rage gudun mana, wa ya koro su?" Aka yarda a ƙara wa hanyar faɗi. Ni kuwa don murna na ja da baya ina tafi, sai ji na yi tsundum, ƙafata ɗaya ta shige ramin ban ruwa har gwiwa. Haka na dawo gida da takalmi ɗaya mai taɓo, bakina bai rufu ba.

Aikin ya ɗauki lokaci, kuma ba duka aka gama ba, wani ɓangaren har yau turaku ne. Na yi ta sintiri wurin magina har suka gaji da ni, in sun hango ni sai su ce ga mai hanya nan ya zo. Ba su san kullum ƙafar Inna nake dubawa kafin in fito ba.

Da aka buɗe ɓangarenmu, Inna ta fara fita kowace safiya da kwandonta, ita da maƙwabtanta. Kuma ba lambun kusa take tsayawa ba, wai salatinsu ɗaci gare shi, sai na can ƙarshe. Gidanmu ya cika da ganye. Mu ci salati da shinkafa, mu ci da wake, mu ci da burodi, har maƙwabta suka fara cewa sun ƙoshi tun ƙanwata ba ta gama sallama da kwano ba. Kumburin ya sauka a hankali. Ranar da muka koma wurin lokotoro ya duba ya ce madalla, ya tambaye ta ko ta fara tafiyar da ya ce. Ta ce, "A'a, ni cefane kawai nake yi." Na sunkuyar da kai don kada dariya ta tona ni.

In na tuna abin nan yanzu, kaina nake yi wa dariya. Na fi kowa surutu a taron jin ra'ayin jama'a, alhali wadda nake yi wa faɗan tana gida, kuma ban taɓa tambayar ta abin da zai fitar da ita ba, gaya mata kawai nake yi. Ba ta ƙi tafiya ba, so take a bar ta ta fita da mutuncinta a hannu. Ƙanwata ta gane haka da kwando ɗaya.

Wata safiya lokacin sanyi, sa'ad da gulbi ke cika, ina tsakar gida ina shan shayi Inna ta yi sallama ta shigo. Ƙanwata ta karɓi kwandon ta leƙa, babu komai ciki. Ta ce, "Inna, yau babu ganye ne?"

Inna ta ce, "Akwai."

Ta zauna tana cire takalmi, sannan ta ce, "Ruwa ya kawo har gindin matakala, ga jirage suna wucewa shaƙe da kabewa. Na zauna kallo, na manta."

Na ajiye kofin shayin. Can sai ta ƙara, idonta na kan takalmin, "Ki gaya wa wancan, gobe in ba shi da aiki ya zo ya gani."

Ina da aiki, amma na je. Tana gaba ina biye, ni ke riƙe da kwandon, kuma haka muka dawo da shi babu ko ganye ɗaya.