Shirun Malam Buba

Akwai wata Asabar da har yau ba ta bar raina ba, shekara uku ke nan. Lokacin ina mai tace fim a wani ɗan sutudiyo a unguwar Mokola, cikin Ibadan. Mai tacewa shi ke zama da ɗanyen hoto, ya yanke, ya haɗa, har labari ya miƙe.

Wata darakta Bayarabiya, Madam Bisola, ta kawo mana fim kan 'yan dakon kasuwar Bodija. Ba kiɗa, ba mai ba da labari. A tsakiyarsa wani dattijo, Malam Buba, ya zauna kan buhun albasa minti huɗu cur bai ce uffan ba. Na so in rage, ta ce, "Oga Nasiru, ko daƙiƙa kada ka taɓa."

Fim ya ciwo kyauta a ƙasar waje. Masu sharhi suka rubuta cewa shirun nan kaɗaicin baƙo ne a garin da ba nasa ba. Na haddace maganarsu tsaf.

Ranar Asabar ɗin da aka kawo fim ɗin nan Sabo, unguwar Hausawa, a zauren wata makaranta bayan la'asar, ni aka sa in yi wa jama'a bayani da Hausa. Na yi ta zuba kan jigo da salo, ina jin kaina. Sai Malam Buba ya miƙe daga baya.

"Ɗana, ka iya magana," ya ce. "Amma shekarata talatin a Ibadan, ni ba baƙo ba ne. Ran da aka ɗauki hoton nan, da safe aka bugo mini daga Illela cewa 'yata Hadiza ta rasu wajen haihuwa. Ko na kama hanya, kafin in kai Ilorin an binne ta. Na kuma riga na yi wa baiwar Allahn nan alkawari, sai na zo na zauna."

Madam Bisola ta taɓo ni. "Me ya ce?"

Da ƙyar na fassara mata. Ta je gabansa ta durƙusa tana kuka, shi yana ba ta haƙuri.

Mako uku na yi ina kallon fuskar mutumin nan a kwamfuta, ban taɓa shiga mota zuwa Bodija na gaishe shi ba. Ku da kuke koyon aikin nan, kafin ku ce hoto ga abin da yake nufi, ku je ku tambayi mai fuskar yadda ya kwana.